Ruwan Buta da Ruwan Randa

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma abin da ya faru tsakanina da Baffana a kan ruwan Ido, ina jin ko tsufa ya cinye mini tunani, shi kam zai rage. Shekaru sun ja, furfura ta fara leƙo mini, amma har yau in na zauna ni kaɗai yakan dawo mini kamar jiya aka yi shi.

Baffa wan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarami bayan rasuwar mahaifina, kuma shi ne limamin ƙauyenmu, wanda ke bayan duwatsu, ba nisa sosai da Dutse. Mutum ne mai tsananin tsoron kuskure. In ya gama alwala sai ya duba tsakanin yatsunsa, in yana auna hatsin zakka sai ya ƙara tafi ko da ya ga mudun ya yi tozo. Mutanen gari kan ce ni na gaje shi, don ni ma ban iya cewa e ko a'a kai tsaye ba, sai na sa "wataƙila" a gaba, "Allah ne masani" a baya. Matarsa, wadda nake kira Inna, takan ce in muka zauna hira ni da shi, har rana ta faɗi ba wanda zai ƙarasa magana ɗaya.

Ido kuwa shi ne ruwan garin. Maɓuɓɓuga ce a gindin dutse, ruwa na tsattsafowa daga wata tsaga ya taru a kwarmin da bai fi faɗin ɗaki ba, sannan ya malala fadama. Ko da rani ba ya ƙafewa. Sanyi gare shi kamar ya kwana a tulu, ga garɗi. In baƙo ya zo, kafin a kawo masa fura sai an ba shi ruwan Ido, a tsaya a ji me zai ce. Muna yara duwatsun bakinsa lulluɓe suke da gansakuka, kore shar, mukan ciro ta mu yi wa juna gemu da ita.

Na yi jami'a na karanta ilimin ƙananan halittun da ido ba ya gani, na yi hidimar ƙasa, na sami aiki a ɓangaren lafiya a Dutse, na kama ɗaki a Yalwawa. A lokacin Dutse ta yi 'yan shekaru da zama babban birnin jiha, gidaje na ta fitowa a inda da gonaki ne. Nakan leƙa gida ƙarshen mako in na sami dama.

Wata Asabar a ƙarshen damina na je, na tarar da Inna tana fama da randa, ta sa soso tana ta dirza. Ta ce, "Ɗan nan, zo ka sa hannu ka ji. Shekaranjiya na wanke ta, amma ka ce karkashi aka zuba a ciki." Na sa hannu na shafo jikin randar, na ji wani yauƙi ya biyo yatsuna. Ta ce haka randunan maƙwabta ma suke, kuma bana ciwon ciki ya yi yawa a gari, amma ai sabon gero ne ke kawo shi. Na sa takalmi na nufi Ido.

Ruwan yana nan garai-garai, har ana ganin tsakuwar ƙasa. Amma duwatsun sun canja. Gansakukar ta ja baya, a madadinta wani abu mai ruwan toka ya shafe dutsen, mai santsi, in ka kankaro shi ka kai hanci sai ka ji ɗan ƙarni. Na zagaya bayan dutsen ta hanyar da rabona da bi tun ina makarantar firamare. Kwazazzabon da muke tsinkar kanya a ciki ya zama juji. Tifofi na zuwa daga cikin gari suna juye shara, kuma alama ta nuna masu yashe masai ma nan suke kawo nasu kayan. Ruwan sama in ya sauka, ta nan yake bi ya nutse cikin tsagogin dutse. Ban ga wanda ya zubar ba, ban kuma san wanda ya ba su izini ba, don haka ba zan ɗora wa kowa ba.

Na kankaro yauƙin a kwalba, na ɗebi ruwan a wata, na kai wa wani abokina da ke aiki a ɗakin gwaji. Da sakamako ya fito sai na roƙe shi ya sake, don ina tsoron ko kwalbata ce ba ta da tsabta. Ya sake, amsa ba ta canja ba. Ƙwayoyin da ke ciki irin waɗanda mazauninsu hanjin ɗan Adam ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yauƙin. Waɗannan halittu in sun sami dutse ko jikin randa, sai su manne, su fitar da wani abu mai danƙo su rufe kansu da shi, kamar yadda gara ke yin rufin ƙasa a jikin azara ta zauna a ciki tana ci. Ruwa zai wuce ta kansu fes, su kuma suna sakin 'ya'yansu a cikinsa kaɗan-kaɗan. Ko ka zuba magani a ruwan, na cikin rufin ba lallai ya kai gare su ba. Wato ko an daina zubar da shara a ranar, gidan da suka gina a Ido yana nan.

Shekarar kuwa ita ce aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Ko'ina ka zauna maganar hukunci ake yi, a teburin mai shayi, a cikin mota, a ofis. Samarin da suka yi karatu a birni sun fara dawowa ƙauyuka suna gyara wa tsofaffi salla, wasu da ladabi, wasu ba ladabi. Baffa bai taɓa ce mini abin yana damunsa ba, amma na lura ya koma yana buɗe tsofaffin littattafansa yana bi da yatsa, kamar mai shirin jarrabawa. Ban haɗa wannan da maganar da zan kai masa ba sai daga baya.

Na same shi a zaure bayan la'asar, tare da ladan. Ladan abokinsa ne tun na ƙuruciya, kuma shi kaɗai ne a garin ke iya tsokanarsa. Na durƙusa na gaishe su, na yi ta kewaye-kewaye, har ladan ya ce, "Malam, ɗanka ko aure yake so? Tun ɗazu yake zagaye kamar akuya a turke." Sannan na yi bayani. Na faɗi maganar juji, na faɗi maganar yauƙi, na ce a ganina, in ba a sami wani ruwan ba, a riƙa tafasa na Ido kafin a sha, a kuma riƙa wanke randuna da ruwan zafi a shanya su a rana.

Ladan ya yi dariya ya ce, "Mu masu jego ne da za a riƙa dafa mana ruwa? Saura kunun kanwa."

Baffa bai yi dariya ba. Ya ce, "Waɗannan abubuwan da ka ce, daga ina ka ce suke fitowa?"

Na ce, "Daga cikin mutum, Baffa. Daga bayan gida."

Ya ce, "Najasa ke nan."

Na tsaya ina neman kalmar da ta fi dacewa ban samu ba. Na ce, "To, asalinsu dai daga can ne. Ana iya cewa haka."

Ladan ya gyara zama ya ce ai hukunci a fili yake, ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su canja ba, mai tsarki ne, ko yaro ya san wannan. Baffa ya ce ya sani, shi ya koya wa rabin garin. Sannan ya juyo ya tambaye ni ko na gan su da idona. Na ce na gani, ta madubin da muke duba irinsu. Ya tambaye ni ko yauƙin na da wari. Na ce yana da ɗan ƙarni. Sai ya ce, "To ya canja ke nan. Idona da hancina ne suka tsufa." Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce ban tabbata ba, amma ganin yawan sharar, zai yi shekaru. Ya gyaɗa kai ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Zan yi wa mutane magana."

Na koma Dutse zuciyata wasai. Na sa ran gardama, sai ga shi an karɓa cikin sauƙi. Na kai rahoton juji inda ya kamata, aka ce za a duba. Sai kuma aka tura mu aikin rigakafi a ƙauyukan Ringim, muka daɗe a can. Wani ɗan garinmu da na haɗu da shi a kasuwa ya ce mini Malam ya yi sanarwa a masallaci, an bar ruwan Ido. Har sadaka na yi a ranar don murna.

Da na dawo na je gida, abin da na fara gani shi ne jarkoki a ƙofar masallaci, da butoci a jere. Ladan ya tarye ni yana fara'a, ya ce, "Likita bokan Turai, mun bi maganarka." Ya nuna mini kekensa. Kullum da safe shi da wasu magidanta sukan je wani ƙauye da ke gaba da mu, inda aka haƙa rijiyar burtsatse, su ɗauro jarka. Tafiya ce mai nisa, ga yashi, don haka abin da ake samowa ba shi da yawa, a hankali ake rabawa. Na ji daɗi ƙwarai.

Na shiga cikin gida, Inna ta shimfiɗa mini tabarma, ta ɗebo ruwa a moɗa daga randa. Na kai baki ke nan sai na ji sanyin nan da garɗin nan da na sani tun ina yaro. Na sauke moɗar.

Na ce, "Inna, wannan na ina ne?"

Ta ce, "Na Ido mana. Na ina kake so ya zama?"

Na ce, "Na burtsatsen fa?"

Ta ce, "Wancan ai na alwala ne. Zartsi ne ma, wa zai iya shansa? Baffanka ya ce ko ɗigo kada a taɓa, na salla ne."

Ashe gari guda sun ɗora wa kansu wahalar ɗauko ruwa mai kyau daga nesa, suna wanke ƙafa da shi, suna shan wanda na ce yana da cuta. Kuma ba don sun raina maganata ba ne. Sun ɗauke ta da muhimmanci fiye da yadda na zata, sai dai sun ajiye ta a wani wuri daban.

Baffa yana ɗakinsa a kan buzu yana salla. Inna ta ce haka yake wuni tun da na tafi. Ya lissafa wa kansa cewa duk sallar da ya yi da alwalar Ido tun da aka fara zubar da shara ba ta yi ba, kuma tun da na ce ban san ranar farawa ba, sai ya ɗauko daga shekarar da aka yi jiha, don ya fita daga shakka. Ramawa yake yi, bayan kowace farilla ya bi ta da wasu har ƙafafunsa su gaza. Abin da ya fi cin ransa ba tasa ba ce, ta mutanen da suka bi shi ce. Na jira ya sallame. Ya rame, idanunsa sun faɗa, da na riƙe hannunsa na ji shi da ɗumi.

Na ce, "Baffa, ba haka nake nufi ba. Maganar sha nake yi. In ruwan bai isa duka biyu ba, a sha na burtsatse, a yi alwala da na Ido."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce, "In ba wa cikina mai kyau, in tsaya gaban Ubangijina da najasa?"

Na ce, "Cuta ce a ciki, Baffa. Tana iya kisa."

Ya ce, "Ciki ai dama ma'ajiyar najasa ne, ɗana. In an ƙara masa kaɗan me ya ragu? Cuta da lafiya na Allah ne. Salla kuwa ni za a tambaya."

Na yi magana a ranar fiye da yadda na taɓa yi a gabansa, ban kuma sa wataƙila ko ɗaya ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce zai duba. Na san wannan amsar, don ni ma ita nake bayarwa in ba na son musu. Na fito na haɗa wuta da kaina, na tafasa ruwa, muka wanke randar da shi ni da Inna, muka kife ta a rana. Inna ta yi mini alkawarin ba za ta ƙara ba shi ɗanye ba. Na bi gida-gida na maƙwabta, wasu suka ji, wasu suka ce sai abin da Malam ya ce.

Ɗumin da na ji a hannunsa ashe zazzaɓi ne da ya kwana biyu yana ɓoyewa, don kada a hana shi tsayuwa. Bai yarda an kai shi asibiti ba sai da ya faɗi a kan buzu. Muka kawo shi Dutse, aka ce taifot ne, kuma ya daɗe yana cinsa har ya taɓa hanji. Ba zan iya rantsuwa cewa daga Ido ya ɗauka ba, mutum na iya ɗaukarsa a wurare da yawa. Amma a makonnin nan ba shi kaɗai aka kawo daga garinmu ba.

A gadon asibiti ma bai bar lissafin ba. Da ido yake salla, yana motsa leɓe. Ya ce wa ladan in ta Allah ta kasance, ya tsaya a masallaci ya roƙa masa gafarar duk wanda ya bi shi salla. Ladan ya tashi ya fita. Ashe wurin wani babban malami ya tafi a cikin gari, ya zayyana masa komai. Ya dawo da azahar yana haki, ya zauna a bakin gado ya ce, "Malam, na tambayo wanda ya fi mu. Ya ce ruwan da ya ɓuɓɓugo garai-garai, ba launi ba wari a jikinsa, mai tsarki ne, abin da ke manne a dutse ko wanda sai da madubi ake gani ba a ɗora wa bawa shi ba. Ya ce sallarka ta yi, tamu ta yi, ba ramuwa a kan kowa. Ya ce in gaya maka kai ma ka sani, tsoro ne ya rufe ka."

Baffa ya sa aka maimaita masa. Sai hawaye suka gangaro ta gefen idonsa zuwa kunne. Tun da nake ban taɓa ganin fuskarsa ta saki irin na ranar ba. Ya yi hamdala, ya yi ta yi. Can ya juyo wajena ya ce, "To ashe ruwan ba shi da laifi. A ɗebo mini in sha, na nan ba ya kashe ƙishirwa."

Ladan ya sunkuyar da kai. Inna ta dube ni. Da safiyar ranar likita ya riga ya ja ni gefe ya ce mini sai dai addu'a. Na hau babur na je Ido na ciko gora, na biya ɗakina a Yalwawa na tafasa shi a risho, na juye a sabon tulu ya huce. Na san a lokacin ba abin da tafasawar za ta hana, amma hannuna ya kasa kai masa shi ɗanye. Na ɗaga kansa na ba shi a cokali. Ya riƙe shi a baki kaɗan kafin ya haɗiye.

Ya ce, "Shi ne. Amma an kashe shi."

Na ce, "Tafasawa na yi, Baffa."

Ya ce, "Na sani." Ya dafa hannuna, ya karɓi cokali na biyu. Washegari bayan la'asar ya cika.

Bayan rasuwarsa ladan ya tsaya a masallaci, bai roƙi gafarar kowa ba, ya ce daga yau jarka ta randa ce, buta ta koma Ido. Shi aka ji. An daɗe kafin a hana zubar da shara a kwazazzabon, an kuma daɗe kafin a haƙa mana tamu rijiyar. Inna ta koma wurin danginta, ba ta ƙara shekara biyu ba ita ma.

Abin da wannan ya koya mini shi ne, tsarki daban, tsabta daban, kuma duk wanda zai yi wa mutanenmu maganar ruwa sai ya san da wanne a cikinsu yake magana, don kunnen mai tsoron Allah na farkon yake fara ji. Ya kuma koya mini cewa gaskiya ba a miƙa ta a juya. In ka kai wa mutum magana, musamman wanda ya yarda da kai, kada ka yi murna don ya ce to. Ka zauna tukuna, ka ga inda zai ajiye ta. Allah ya jiƙan Baffa, ya shayar da shi daga tafkin da ba a ƙishirwa bayansa.